A Gidan Inna Ba a Raki

Kalmar farko da Inna ta koya a Sifaniyanci ba gaisuwa ba ce, ba kuma godiya ba. A kan matakalar bene ta tsince ta, ranar da jikarta ta zame ta gurje gwiwa, ta zauna daɓas ta buɗe baki iya ƙarfinta tana "Me duele! Me duele!" har maƙwabciyar da ke hawa na biyu ta leƙo da ludayi a hannu.

Inna ta kama ƙugu tana kallon ikon Allah. Gurjewar ko jini ba ta yi ba. Ta juya wajen 'yarta Auta, wadda ke biye da su da ledojin cefane.

"Me take cewa?"

"Cewa take yana mata ciwo, Inna."

"Wannan ɗan abin? To sannu, sarauniyar raki."

Lokacin Inna ko wata ɗaya ba ta yi da zuwa wannan baƙuwar ƙasa ba. Auta ce ta yi ta roƙo har ta yarda ta zo ta riƙe mata yarinya, domin ita tana aiki a wani katafaren gidan wanki da ke wanke zannuwan otal-otal, mijinta kuma direban babbar mota ne, in ya fita sai a yi kwanaki ba a ga ƙeyarsa ba. Yarinyar sunan Inna ta ci, shi ya sa kowa ke ce mata Takwara. Shekararta bakwai, a nan aka haife ta, harshen makaranta da na titi ya cinye bakinta kaf. Hausa kuwa tana jin "zo", tana jin "zauna", tana jin "bari", daga nan sai ta zuba maka ido.

Ita kuwa Inna mace ce da ta yi suna wajen dauriya, kuma ta san ta yi, abin da ya fi muni ke nan. Duk haihuwar da ta yi ba wanda ya taɓa jin nishinta ta bayan labule. A kan doka ɗaya ta raini 'ya'yanta: a gidanta ba a raki. In ka faɗi ka tashi ka kakkaɓe. In an tambaye ka, ka ce ba komai. Auta ma da ta faɗo daga katanga tana ƙarama, kwana da kwanaki ta yi tana ɓoye hannu a cikin riga, ko da aka ankara ƙashin ya fara haɗewa a karkace. Har yau wuyan hannunta na dama bai miƙe daidai ba. Inna kan ba da wannan labari ne a matsayin yabo: "Wannan da kuke gani, da karaya ta yi ta yi mini wanke-wanke, ko uffan ba ta ce ba." Auta takan yi murmushi, ta ja hannun riga ta rufe wurin.

To mace irin wannan ce aka ce ga jikarta mai sunanta tana birgima saboda gurjewa. Inna ta ce sam, ba za a zubar mata da suna a bainar jama'a ba. Ta ƙirƙiro wani wasa. In suna zaune sai ta ɗan mintsini hannun yarinyar, ta ce, "Da zafi?" Amsar da ake so ita ce "Ba komai." In Takwara ta faɗa daidai, sai Inna ta rungume ta, ta ɗaga hannunta sama ta ce "Jaruma!" ta kwance bakin zani ta ba ta alewa. Yarinyar da ba ta taɓa sanin daɗin kaka ba, ai ko alewar ba a ba ta ba, wannan rungumar ta ishe ta. Kafin a ce kwabo ta haddace. Ta bugi tebur, "Ba komai." Ta ƙone ɗan yatsa da shayi, ido ya kawo ruwa, ta dubi Inna ta haɗiye, "Ba komai." Jimlar Hausa ta farko ke nan da ta zauna a bakinta.

Amma ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, domin Takwara tana da akwatin likita na wasa, da abin sauraron ƙirji na roba da allura mara tsini. Kullum in ta dawo daga makaranta sai ta kwantar da Inna a doguwar kujera, ta ɗaure fuska irin ta manyan likitoci, ta riƙa danna ta tana tambaya.

"Cabeza. ¿Te duele?"

"Ba komai."

"Barriga. ¿Te duele?"

"Ke, sakar mini ciki, cakulkuli nake ji."

A haka Inna ta san kai, ta san hannu, ta san ciki, ta san aquí na nufin nan, mucho kuma da yawa. Wata rana Auta na cire takalmin aiki a bakin ƙofa ta tsinci wasan, ta ce, "Inna, ashe karatu ake yi. Asalin kalmar doler ce. In ke ce kike jin ciwon ki ce me duele. In kina tambayar mutum ki ce te duele. In kuma ciwon wani kike faɗa wa wani, sai ki ce le duele."

"Mutanen da suka raba wa ciwo gida uku, ai dole su iya raki," in ji Inna.

"Gemu dai ba ya hana ilimi."

"Bare ni da ba ni da shi. Biyun ƙarshe na ɗauka. Na farkon ki riƙe abinki, ba zai fito daga bakina ba."

Suka yi dariya su duka, har Takwara da ba ta san me aka ce ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, gwiwar Inna ta hagu ta daɗe da lalacewa, benen nan mara na'urar hawa kuma ya ƙarasa ta. Kullum da safe kafin kowa ya tashi takan ɗaure ta tamau da tsohon ɗankwali a ƙarƙashin zani. In ƙaramar likita ta zo kan gwiwar ta danna, Inna har wani duhu-duhu take gani, amma sai ta yi murmushi ta ce ba komai. Ta zo ne ta sauke wa 'yarta kaya, ba ta zama kayan ba.

Ranar da abin ya faru, Takwara ta tashi ta ƙi karyawa. Ta kurɓi shayi ta amayar da shi a bakin bayi. Auta, wadda ta riga ta makara, ta durƙusa da jaka a kafaɗa ta taɓa goshinta.

"¿Te duele algo?"

Yarinyar ba uwarta ta kalla ba. Inna ta kalla, sannan ta ce, "Ba komai."

"Jaruma!" in ji Inna. "Tafi aikinki, ɓacin ciki ne. Jiya na ga abin da ta cusa."

Auta ta ce a bar yarinyar a gida yau, ta sumbace ta, ta sauka da gudu.

Da hantsi Inna ta leƙa ɗaki ta tarar da ita kwance a gefe ɗaya, ta naɗe ƙafafu zuwa ƙirji. Ta miƙa mata alewa, ta girgiza kai. Nan Inna ta fara jin wani iri, domin tunda take ba ta taɓa ganin Takwara ta mayar da alewa ba. Ta zauna a bakin gado, katifar ta ɗan motsa, sai ta ga fuskar yarinyar ta yamutse kamar an soke ta, nan take kuma ta gyara ta.

"Takwara, ¿te duele?"

"Ba komai, Inna."

Ta faɗa da busassun leɓɓa, tana murmushi, tana jiran a ce mata jaruma. Inna ta buɗe baki kalmar ta ƙi fitowa.

Can an jima yarinyar ta sauko za ta bayi. Inna na tsaye a ƙofar kicin ta ga tafiyar: a sunkuye, kamar tsohuwa, hannu dafe da gefen mara na dama, tana jan ƙafa ɗaya a hankali don kada cikin ya girgiza. Cokalin da ke hannun Inna ya faɗi. Ta taɓa ganin wannan tafiyar. Shekarun baya ɗan wata maƙwabciyarta ya yi irinta, aka ce ciwon ciki ne, a jira zuwa gobe. Goben ta zo ba da shi ba.

Tsoro ya kama Inna, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta ɗauko wayar da aka saya mata, ta danna hoton Auta yadda aka koya mata. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake. Sai ta tuna Auta ta ce a wajen aikinsu kowa na kulle wayarsa a akwatin ƙarfe kafin ya shiga wajen injuna, ba a buɗewa sai an tashi. Ta danna hoton surukinta, wata mata ta amsa da murya mai sanyi ta yi dogon bayani, Inna na ta "Salamu alaikum, ke wace ce?" kafin ta gane ba mutum ba ce.

Ta tsaya a tsakiyar falo. Ba ta san sunan titinsu ba. Ba ta san ina asibiti yake ba. Duk abin da ta mallaka na harshen mutanen nan bai wuce abin da ke cikin akwatin likitan wasa ba.

Ta ɗauko katin asibitin da Auta ke ajiyewa a kan firij, ta cusa a lalita. Ta taɓa yarinyar, jiki ya yi zafi rau. Ta yi bismillah ta juya mata baya, ta goya ta a hankali, ta ɗaure da zani. Yarinya 'yar shekara bakwai ba jaririya ba ce, ƙafafunta har suna dukan cinyoyin Inna. Da ta ja ɗaurin ta ji numfashin Takwara ya tsaya cak a wuyanta, sannan ya dawo a guntule. Ko ƙara ba ta yi ba.

Matakalar nan Inna ba za ta manta da ita ba. Kowane taki sai gwiwar ta yi kamar za ta ɓalle. Ta riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu tana sauka a karkace, tana addu'ar kada ƙafar ta ci amanarta su gangara su biyu. A hawa na biyu ta buga ƙofar mai ludayi, ta buga, ta buga. Ba kowa.

A ƙasan benen akwai kemis, inda Auta ke sayen maganin tari. Mai kemis ɗin, wata doguwar mata mai tabarau, ta ga tsohuwa ta shigo da ƙatuwar yarinya a baya tana haki, ta zagayo da sauri. Ta yi wa Inna magana, Inna ba ta tsinci ko ɗaya ba. Sai ta leƙa fuskar Takwara.

"¿Te duele, cariño?" ta tambaye ta da lallashi.

"No," in ji Takwara.

Matar ta taɓa goshinta, ta juya ta ɗauko kwalbar maganin zazzaɓi daga kan kanta. Inna ta ga za a sallame su da kwalba. Ba ta san sanda ta kama hannun matar ba.

"Le duele! Barriga! Le duele!"

Karo na farko ke nan da ta yi wa baƙo magana da harshen nan. Matar ta dube ta da kyau. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar Inna ba ta ɓoye komai ba. Ta ajiye kwalbar, ta fita bakin titi da farar rigarta ta tsayar da tasi, ta yi wa direban magana tana nuna gaba, ta taimaka aka kwance goyon aka kwantar da yarinyar a cinyar Inna.

Duk sanda motar ta taka wani tudu, sai faratan Takwara su nutse a hannun kakarta. Inna na kallon shaguna da fitilun hanya suna wucewa, ba ta san ko ɗaya ba, ta san dai in aka sauke ta a nan ba za ta iya komawa gida ba. Wannan bai dame ta ba. Numfashin da ke kan cinyarta take ƙirgawa da tafin hannu.

A asibitin aka karɓi katin, aka nuna musu wani ɗan ɗaki. Wata nas mai gajeren gashi ta auna zafin jikin yarinyar, ta ɗaura mata wani abu a hannu, ta rubuta. Sannan ta ɗauko wani allo mai zanen fuskoki a jere: ta farko tana dariya, ta kusa da ita ta ɗan ɓata rai, haka har zuwa ta ƙarshe mai kuka da hawaye. Ta nuna wa Takwara, ta yi tambaya a hankali. Inna ta tsinci duele a ciki, ta gane ana so yarinyar ta nuna wacce ce tata.

Takwara ta dubi fuskokin. Ta dubi Inna. Ta ɗaga yatsa ta ɗora a kan mai dariya.

"A'a!" in ji Inna. "Le duele! Mucho!"

Nas ɗin ta yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi masu ɗaga hankali, ta dafa kafaɗar Inna, ta ɗaura wa yarinyar wani koren zobe na roba a wuyan hannu, ta nuna musu kujerun jira.

Ɗakin jiran cike yake. Masu tari, masu ɗingishi, wani tsoho yana gyangyaɗi da jarida a ƙirji. Inna ba ta iya karatun allon da ke bango ba, amma idonta a buɗe yake, ba ta daɗe ba ta gane tsarin wurin. Wani mutum ya shigo da hannu naɗe da tawul yana ihu, aka ɗaura masa jan zobe, ko zama bai yi ba aka shige da shi. Wata yarinya da ke ta tsala kuka tana riƙe da kunne, rawaya aka ba ta, ba a jima ba aka kira ta. Masu kore kuwa suna nan zaune kamar an dasa su, wasu har sun cire takalma. A gidan nan wanda ya faɗi ciwonsa shi ake dubawa. Wanda ya ce ba komai sai a yarda da shi.

Ta sunkuya daidai kunnen jikarta.

"Takwara, ki ji ni. Yau ba wasa ba ne. Ki faɗa musu. Ki yi kuka, 'yar nan, na yarda, ki yi kuka da ƙarfi."

Yarinyar ta zuba mata ido. A duk maganar nan ba abin da ta tsinta sai sunanta. Ta ga dai fuskar Inna kusa da tata, ta ji muryar tambaya, ta ɗauka wasan nan nasu ne ya zo da babbar jarrabawa, a gaban mutane. Ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Ba komai, Inna."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Inna ta ji maganar ta sauka a ƙirjinta kamar taɓarya. Ita ta dasa wannan kalma a bakin yarinyar da hannunta, da alewa da runguma, yanzu ga ta tana neman kashe mata jika a kan kujerar roba.

Ta tashi ta ja ƙafa zuwa tagar gilashi, ta buga da tafin hannu. "Le duele! Le duele mucho!" Wata nas ɗin daban ta fito, ta bi ta, ta tsuguna gaban Takwara ta sake tambaya da lallashi. Takwara ta girgiza kai. Nas ɗin ta dubi koren zoben, ta yi wa Inna alama da hannu cewa ta ƙara haƙuri, ta koma ciki.

Inna ta zauna. Ba ta san tsawon lokacin da ya wuce ba. Ta ga dai leɓɓan yarinyar sun yi fari, gumi ya tsattsafo a saman hancinta, idanun sun fara lumshewa suna buɗewa a hankali. Hannun da ɗazu ke matse nata ya fara saki. Wannan sakin shi ya fi komai firgita ta. Ta yi salati a fili. Ta duba hagu ta duba dama, duk fuskokin baƙi ne, ba wanda za ta ce wa ku taimake ni ya ji.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inna, wadda ko a gaban 'yarta ba ta yarda a ga ƙaurinta, ta kama bakin zaninta ta ɗage har saman gwiwa, a tsakiyar ɗakin jira, maza da mata na kallo. Ta kwance ɗankwalin. Gwiwar ta fito a kumbure kamar ƙullun da ya tashi, tana sheƙi, shatin ɗaurin ya nutse a cikin nama. Tsohon mai jarida ya farka ya gyara zama.

Ta kamo hannun Takwara ta ɗora a kai.

"Likita," ta ce, "tambaye ni."

Yarinyar ta buɗe ido. Ta ga gwiwar da kullum take dannawa ta saman zani. Wannan wasan ta san shi. Da wata 'yar murya kamar ta sauro ta ce, "¿Te duele?"

Inna ta danna ɗan hannun a kan kumburin da dukkan ƙarfinta. Zafin ya tsarga mata har ƙwaƙwalwa, wannan karon kuma ba ta cije ba. Ta bar shi ya fito a fuskarta.

"Sí," ta ce. "Me duele. Me duele mucho."

Ta yi niyyar faɗa ne kawai don yarinyar ta ji. Amma da kalmar ta fita, sai wani abu ya biyo bayanta wanda ba ta gayyata ba. Muryarta ta karye, hawaye suka ɓalle, ta ji kanta tana kuka da sauti, kukan da ba ta yi ba a ɗakin haihuwa, ba ta yi ba ranar da aka fita da gawar mijinta. Tana kuka tana maimaitawa, "Me duele, Takwara, me duele."

Takwara ta zaro ido. Inna ce ke kuka. Jarumar jarumai, mai raba alewa. Yarinyar ta ja numfashi, ta sake ja, sannan ta saki wata irin ƙara da ta tsayar da kowa a ɗakin.

"¡Me duele! ¡Aquí! ¡Inna, me duele!"

Tunda Inna take ba ta taɓa jin sauti mai daɗin wannan ihu ba.

Nas biyu suka fito a guje. Wani likita mai furfura a gefen kai ya biyo su, ya sa aka kwantar da ita a gadon turawa nan take. Ya danna gefen marar a hankali, ya saki da sauri, yarinyar ta yi wani ihun har ta ɗago daga gadon. Fuskar likitan ta canza. Ya yi magana gajera, aka sa almakashi aka yanke koren zoben aka ɗaura ja, aka tura gadon da gudu. Inna ta bi su da ɗingishi, ɗankwali a hannu, har wata ƙofa mai buɗe kanta ta rufe a gabanta.

Asibitin ne ya nemo ofishin gidan wankin ta lambar da ke jikin katin. Auta ta iso da rigar aiki, da ragar rufe gashi a ka, tana haki. Ta yi magana da nas, ta sa hannu a inda aka nuna mata, sannan ta zo ta zauna kusa da uwarta a wani dogon benci.

"Tiyata za su yi mata, Inna. Wani ɗan guntun hanji ne ya kumbura."

Inna ta gyaɗa kai. Bakinta na motsi da addu'a, idonta na kan ƙofar. Duk sanda ƙofar ta buɗe sai ta miƙa wuya, sai ta ga mai shara ne ko wani da kwalaben ruwa. Hasken tagar ya tashi daga ƙafafunsu ya hau bango.

Da likitan ya fito ya sauke abin rufe bakinsa, Inna ta zuba masa ido daga inda take zaune. Auta ce ta je. Inna na kallon bayanta, tana neman amsa a kafaɗunta. Ta ga sun sauka. Auta ta dawo tana share ido da bayan hannu.

"An gama, tana barci. Ya ce abin ya riga ya fara fashewa. Ya ce da an kai yamma..."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. Ta faɗa ta sake faɗa, har muryar ta dawo daidai.

Auta ta zauna. Nas ɗin ta riga ta ba ta labarin abin da ya faru a ɗakin jira. Ta dubi ɗankwalin da ke hannun uwarta, ta dubi ƙafar da ta miƙe ba ta iya lanƙwasawa.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun kafin in zo."

"Kuma kike hawa benen nan kullum."

Wannan karon Inna ba ta ce "Ba komai" ba.

Auta ta jingina da bango ta lumshe ido. Hannunta na hagu ya tafi da kansa ya kama wuyan hannun dama yana murzawa a hankali, yadda take yi kullum in ta dawo daga ɗaga jiƙaƙƙun zannuwa. Inna ta sha ganin wannan murzar, ba ta taɓa kallonta ba sai yau. Ta miƙa hannu ta kamo hannun 'yarta, ta ture hannun rigar sama. Ƙashin na nan a karkace, inda ya haɗe da kansa a cikin rigar wata ƙaramar yarinya da ke tsoron a ce ta yi raki.

Inna ta nemi maganar da Hausa. Kalmomin duk ta san su, amma ba ta taɓa jera su ta yi wa ɗanta wannan tambaya ba, sai suka ƙi jeruwa. Ta shafa wurin da babban yatsa, ta ari bakin jikarta.

"¿Te duele?"

Auta ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon uwarta, har Inna ta ɗauka za ta ja rigar ta rufe kamar kullum. Ba ta janye hannun ba.

"Yana yi, Inna," ta ce. "Tun ranar yake yi."